Jirgi mara matuƙi: wa zai amsa idan ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu duba jiragen yaƙi marasa matuƙa, waɗanda suka canza yadda ake yaƙi a duniya cikin 'yan shekarun nan, kuma mu nan ma abin ya riga ya iso ƙofar gidanmu.

To ya abin yake aiki? Jirgin yana sama, yana iya yin awanni sama da ashirin yana shawagi bai sauka ba, kamar Bayraktar TB2 na Turkiyya, shi kuma mai sarrafa shi yana can zaune a ɗaki mai nisa gaban allo, yana kallon hoton da kyamara take turo masa, in ya ga abin da yake ganin abokin gaba ne sai ya danna. Shi kenan. Ba ya jin ƙarar harsashi, ba wanda zai harbe shi.

Kuma yana da araha in ka kwatanta da jirgin yaƙi mai matuƙi, shi ya sa kowa ke rububinsa. A yaƙin Nagorno-Karabakh na 2020, cikin kwana 44 Azarbaijan ta ragargaza tankokin Armeniya da irin waɗannan jirage, duniya ta gani. Daga nan Nijar ta saya, Mali ta saya, Burkina Faso ta saya, Najeriya ma haka. A Yukiren kuwa abin ya wuce nan, ƙananan jirage ne na 'yan ɗaruruwan daloli ake ɗaura musu bam, suna lalata tankar da kuɗinta ya kai miliyoyin daloli. Matsalar ita ce arahar nan ba gwamnati kaɗai ta amfana ba, 'yan ISWAP a yankin Tafkin Chadi da masu iƙirarin jihadi a Sahel su ma sun fara ɗaura abin fashewa a jiragen kasuwa irin na ɗaukar hoton biki.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne abin ya fi damuna. Ranar 3 ga Disamba 2023, da daddare, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna suna taron Mauludi, jirgi mara matuƙi na sojin ƙasa ya sakar musu bam. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne aƙalla mutum 85, da yawa mata ne da yara. Sojoji sun amsa cewa kuskure ne, sun zaci 'yan bindiga ne, shugaban sojin ƙasa na lokacin Janar Taoreed Lagbaja ya je ya ba da haƙuri. Daga sama, taron Mauludi da taron 'yan bindiga duk ɗigo-ɗigo ne masu motsi a allo, kyamara ba ta jin salatin da ake yi. Kuma kada a ce ai ƙarancin kayan aiki ne irin namu, Amurka da duk fasaharta, a watan Agusta 2021 a Kabul ta kashe mutum 10 'yan gida ɗaya, bakwai yara ne, da farko ta ce ɗan ta'adda ta kashe, sai daga baya ta amsa laifi, kuma ba a hukunta kowa ba.

Ni a ganina, idan kai hari bai jefa sojanka cikin haɗari ba, to yanke shawarar kai harin yana zama da sauƙi fiye da yadda ya kamata, haɗarin bai ɓace ba, an dai mayar da shi kan talakan da ke ƙasa ne.

Duk wannan fa akwai ɗan Adam da yake dannawa. Matakin da ake shiga yanzu shi ne a ba ƙirƙirarriyar basira, wato AI, damar zaɓar wanda za a kashe. Wani rahoton ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Libiya a 2020 an yi amfani da jirgin Kargu-2 wanda aka tsara ya bi mayaƙa ya kai hari ba sai yana haɗe da mai sarrafa shi ba. A Gaza kuma, mujallar +972 ta ruwaito a 2024 cewa wata manhaja ta sojin Isra'ila mai suna Lavender ta tara sunayen Falasɗinawa kusan 37,000 a matsayin waɗanda ake zargi, kuma wani jami'i ya ce kusan daƙiƙa 20 yake ɗauka kafin ya amince da suna. Sojin Isra'ila sun musanta cewa manhaja ce ke zaɓar musu wanda za su kai wa hari. To in na'ura ta yi kuskure wa za a kai kotu? Wanda ya rubuta manhajar, ko kamfanin da ya sayar, ko kwamandan da ya kunna?

A 2023, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Antonio Guterres da shugabar ƙungiyar Red Cross ta duniya sun nemi a kammala yarjejeniya mai ƙarfin doka kan irin waɗannan makamai zuwa 2026. A Disamba 2023 ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar kan batun, huɗu suka ƙi, ciki har da Rasha da Indiya da Mali. Amma ƙudurin bai haramta komai ba, ra'ayoyin ƙasashe kawai ya ce a tattara a rubuta rahoto.