Lacca: Me ya sa ake sake duba lasisin gonar dabbobi?

Assalamu alaikum. Jama'a, na gode da wannan gayyata. Tunda lokaci ya ja, zan shiga magana kai tsaye.

Tambayar da masu kiwon shanu da masu gidajen kaji suka fi yi ita ce: an ba ni lasisi, na biya, an buga hatimi, to dawowar me kuma za a yi a sake duba ni? Amsa ita ce, takardar tana nan yadda aka rubuta ta, gonar ce ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wanda ya nemi izini da shanu 60, bayan 'yan shekaru sai ka tarar sun haura 100, alhali ramin tara kashi shi ne dai na da. Wataƙila ma an sayar da rabin filin da ake watsa takin, ko an gina gidaje da rijiyoyi a gefensa.

Shi ya sa a Amurka, a ƙarƙashin dokar tsabtar ruwa ta 1972, lasisin da ake ba manyan gonakin dabbobi ba ya wuce shekara 5 sai an sabunta shi. A Tarayyar Turai kuwa, gidan kajin da ke ɗaukar fiye da 40,000 sai da lasisi, kuma duk sa'ad da aka fitar da sabbin ƙa'idojin aiki, cikin shekara 4 za a sake duba lasisin. An fitar da su a 2017, wa'adi ya cika a 2021.

To me mai duba yake nema? Lissafi ne, ba wani abu ba. Dabbobi nawa, kashi nawa, fili nawa. Dokar Turai ta 1991 ta ce a yankunan da ruwa ke cikin haɗari, kada naitirojin (sinadarin da ke ciyar da shuka) na takin dabbobi ya wuce kilo 170 a kowace hekta a shekara. Saniyar madara mai yawan nono tana iya fitar da wajen kilo 100 na naitirojin a kashinta da fitsarinta a shekara. Ku yi lissafin da ni: shanu 100, kilo 10,000 ke nan, a raba da 170, kusan hekta 59. Idan hekta 30 gare ka, ina sauran takin zai tafi? Ko ka nemi maƙwabcin da zai karɓa, a rubuce, ko ka rage garke. In ba haka ba ruwan sama zai kai shi rijiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce naitiret, wato abin da naitirojin ɗin taki yake rikiɗewa ya zama, a ruwan sha kada ya haura miligram 50 a lita, musamman saboda jarirai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa, wato fosfaras, shi ma sinadari ne da ke ciyar da shuka. Takin dabbobi yana ɗauke da shi fiye da buƙatar shuka. Wanda ke auna naitirojin kaɗai, kowace shekara yana tara fosfaras a ƙasa bai sani ba. Gona kore shar, amfani ya yi kyau, sai wata rana a ga gansakuka ta rufe tafki, kifi yana mutuwa. Ido ba ya ganin wannan tun da wuri, sai gwajin ƙasa, sai an ajiye sakamakon bana kusa da na shekarun baya.

Yanzu maganar tsarin kula da gona. A ganina mafi munin tsari shi ne wanda aka biya ƙwararre ya rubuta, aka jefa shi a durowa. Mai duba da ya san aikinsa ba zai daɗe a kan wannan kundi ba. Littafin yau da kullum zai nema: wace rana aka watsa taki, a wane fili, tanki nawa, ƙasa a jiƙe take ko a bushe, wace tazara aka bari tsakanin taki da bakin rafi. Daga nan ya taka zuwa ramin, ya dubi sandar awo, ya ga ko akwai sauran wurin da zai ɗauki ruwan sama mai ƙarfi, ya zaga baya ya ga ko bango ya tsage. A Amurka ana ajiye waɗannan bayanai shekara 5, saboda haka wanda ya zauna daren jajibirin dubawa ya cike shafuka da biro ɗaya, ba wuya a gane shi.

Na ga hannu a can baya. Malam, bismillah, a miƙa masa makirufo.