Amsoshin Tambayoyinku: Su a kogunan arewa maso yammacin Amurka lokacin hunturu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani masunci a Yawuri, wanda ya ce ya ga hotunan mutane cikin kwale-kwale a Amurka suna jefa fatsa ƙanƙara na zuba, yana so ya san wane kifi suke nema cikin wannan sanyi, da kuma dalilin da ya sa suke biyan ɗan jagora.

To malam, irin waɗannan hotuna sukan fito daga jihohin Oregon da Washinton, inda kogin Kolumbiya, wanda ya taso daga Kanada da tsawon kusan kilomita 2,000, yake faɗawa tekun Pasifik. Kifin da ake fita dominsa a hunturu shi ne sitilhed, wanda asalinsa wani kifi ne mai suna turawut da ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya gangara teku ya girma, sa'annan ya komo ya zuba ƙwai. Na hunturu yana shigowa daga wajen Disamba har zuwa Afrilu, a koguna irin su Wilson da Sandy da Cowlitz. Ya bambanta da kifin salmon na wannan yanki, domin salmon mutuwa yake yi bayan ya zuba ƙwai, shi kuwa sitilhed yana iya rayuwa ya sake komawa teku.

Abin da ake biyan ɗan jagora dominsa shi ne sanin halin ruwa. Hunturun can lokacin ruwan sama ne mai yawa, kuma idan aka kwana ana yi, kogi yakan cika ya ɗauko laka, kifi ba ya ganin koto, fita kuma tana da haɗari. Idan aka daɗe ba ruwa, kogin yakan janye ya yi garau, kifin ya tsorata ya laɓe a wurare masu zurfi. Lokacin da suka fi so shi ne sa'ad da ruwan ya fara sauka bayan cika, launinsa ya koma kore-kore. Don haka ɗan jagora yakan duba ma'aunin tsayin ruwa da hukuma ke wallafawa a intanet tun kafin gari ya waye, ya zaɓi kogin da za a nufa, wani lokaci ma ya ɗage tafiyar. Sanyi kuma yana rage wa kifi kuzari, sai an kai masa koto kusa da baki.

Wata mai sauraro daga Maraɗi ta tambaya ko gaskiya ne sukan saki kifin bayan sun kama. Gaskiya ne, hajiya, kuma doka ce ta sa. Madatsun ruwa, irin su Grand Coulee wadda ta toshe wa salmon hanyar zuwa saman kogin Kolumbiya, sun rage yawan kifin ƙwarai, har aka sanya wasu nau'o'i ƙarƙashin dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1973. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gidajen hukuma ana yanke masa wani ɗan fiffike da ke kusa da wutsiya kafin a sake shi, kuma a yawancin koguna shi kaɗai aka yarda a tafi da shi gida.

Ta kuma tambayi kifin da ya fi kowanne girma. Shi ne farin sitajin, kamar giwan ruwan ƙasar ke nan, wanda kan kai shekara 100, manyansa kuma su haura mita 3. A ƙasa da madatsar Bonneville da ke kan kogin Kolumbiya galibi a kama ne a saki, a sama da ita kuwa akan buɗe ɗan lokaci daga Janairu, da ƙayyadadden adadi da tsayin kifi. Salmon kuma ba ya yawa a tsakiyar hunturu, sai daga Fabrairu zuwa Maris nau'in Chinook na bazara yake fara shigowa kogunan Willamette da Kolumbiya.