Amsoshin Tambayoyinku: Gocewar Ƙashin Kwatangwalo a Jarirai, Gado Ne?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke unguwar Bagalam a nan Maradi. Ta ce 'yarta ta fari tana ɗingishi tun da ta fara tafiya, likita kuma ya shaida mata cewa ƙashin kwatangwalon yarinyar bai zauna a gurbinsa ba tun haihuwa. Yanzu tana da juna biyu, tana son ta san ko abin gado ne.

To Malama, kan ƙashin cinya yana zama ne a cikin wani gurbi na ƙashin ƙugu kamar yadda taɓarya take zama a turmi, idan kuwa gurbin bai yi zurfi ba ko jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar sun yi sako-sako, sai ƙashin ya riƙa zamewa, wani lokaci ya fita gaba ɗaya. Lallai gado yana da hannu a ciki, sai dai ba ƙwayar halitta guda ce ke haddasa shi ba, ƙwayoyi ne da dama, ciki har da wadda masana ke kira GDF5 mai aikin gina gaɓoɓi. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 1970 ya nuna cewa idan yayan jariri, namiji ko mace, yana da matsalar, haɗarin ga jaririn da ke tafe ya kai kashi 6 cikin 100, idan ɗaya daga cikin iyaye ne ya kai kashi 12, idan kuwa abin ya haɗa uwa ko uba da ɗa guda, ya kai kashi 36. Ke nan, Malama, mafi rinjaye shi ne jaririnki ya zo lafiya lau. Bayan gado, matsalar ta fi samun 'ya'ya mata, da 'yan fari, da jaririn da ya zauna ta ɗuwawu a ƙarshen ciki, kuma ta fi kama ɓangaren hagu.

Abin da muke jaddada miki shi ne ki faɗa wa ungozoma labarin yayar tun a wurin awon ciki, domin jariri ba ya jin zafin wannan matsala, ba zai yi kukan da zai ankarar da ke ba. Da zarar an haihu, ma'aikacin lafiya yakan lanƙwasa ƙafafun jaririn ya buɗe cinyoyinsa a hankali, ya ji ko ƙashin yana fita yana komawa. Jariri mai tarihi irin naku ya kamata a yi masa eko, wato hoton na'ura irin wanda ake yi wa masu ciki, yana da kimanin mako 6, hoton ƙashi kuwa sai ya kai wata 4 zuwa 6 yake nuna abin sosai. Idan aka gano da wuri, wani ɗamari mai taushi da ke riƙe cinyoyi a buɗe na wasu makonni yakan wadatar, amma idan aka bari har yaro ya fara tafiya, galibi sai an kai ga yin tiyata da sa filasta. Wannan ba karaya ba ce, saboda haka ba aikin mai ɗori ba ne.

Wani malami daga Tibiri kuma ya tambaya ko goyo ne yake lalata ƙugun yara. A'a, Malam, goyon da iyayenmu mata suke yi, inda cinyoyin yaro suke buɗe a bayan uwa gwiwoyinsa a lanƙwashe, shi ne zaman da gaɓar ta fi so, masana ma suna danganta ƙarancin matsalar a Afirka da shi. Abin gudu shi ne naɗe jariri tam da zane ƙafafunsa a miƙe a haɗe. A Japan, bayan da aka yi gangamin hana irin wannan naɗi a shekarun 1970, yawan masu matsalar ya ragu ƙwarai.