Yadda ake gina tarihin ƙungiyar masu tambari a duniyar ƙage

Assalamu alaikum, jama'a. Na san yawancin waɗanda ke zaune a nan marubuta ne, wasu kuma masu tsara wasannin kwamfuta, kuma duk wanda ya taɓa ƙirƙirar duniya tasa ya san wahalar da ke ciki. Ka zana taswira, ka kafa masarautu, ka raba wa gidajen sarauta tutoci. Sai wata rana tambaya ta taso: wa ya ba gidan nan izinin sa zaki a garkuwarsa, kuma wa zai hana maƙwabcinsa kwaikwayo? Daga nan ake ƙago ƙungiyar masu tambari, wato masu kula da alamun da manyan gidaje ke zanawa a garkuwarsu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake rubuta tarihinta: dattawa ne masu hikima, suna zaune lafiya shekara dubu, ba mai faɗa da wani. Ni dai ban yarda da irin wannan ƙungiya ba, domin ta gaskiya da muka sani a tarihi ba haka ta rayu ba.

Tambarin gida irin wanda ake gada ya bayyana a Turai a tsakiyar ƙarni na 12. Masu kula da shi kuwa tun farko ba manya ba ne. Masu shela ne a filin gasar barade, su faɗi sunan wanda ya shigo, su yabe shi, su samu na cefane. Sana'ar ce ta tilasta musu haddace garkuwar kowa, har sanin ya zama jarinsu. To marubuci, ka fara ƙungiyarka daga ƙasa, daga mutanen da ake kora daga bakin rumfa. Hawansu shi ne labarin.

Da tafiya ta yi tafiya sai suka zama manzannin sarakuna, ba a taɓa su ko a fagen fama, su ne kuma masu ƙidayar manyan da suka faɗi. A yaƙin Agincourt a 1415, masu shelar Ingila da na Faransa tare suka tsaya suna kallo, kuma babban mai shelar Faransa ne ya tabbatar wa Sarki Henry na Biyar na Ingila cewa nasara tasa ce. Ku duba wannan da kyau. Mutum yana cin abincin sarkinsa, amma amanarsa ta sana'a ta haɗa shi da abokin gaba. A nan kaɗai akwai littafi guda.

Yanzu bari in tsaya a kan shari'ar da na fi so. A 1385 Sarki Richard na Biyu ya fita yaƙi zuwa Sikotland, sai aka ga barade biyu, Richard Scrope da Robert Grosvenor, ɗauke da garkuwa iri ɗaya: shuɗin fili da zanen zinariya a karkace. Kowa ya ce ta kakanninsa ce. Aka kai magana kotun barade, aka kira shaidu ɗaruruwa, tsofaffin mayaƙa suna ta rantsuwa cewa sun ga wane da wannan garkuwa a yaƙi kaza. A 1389 kotu ta ba Scrope gaskiya, ta ce Grosvenor ya riƙe tasa amma ya kewaye ta da farin layi. Aka ɗaukaka ƙara, a 1390 sarki da kansa ya ce ko hakan ba a yarda ba. Grosvenor ya haƙura ya ɗauki damin alkama na zinariya a shuɗin fili. Shekara biyar ana shari'a a kan zane ɗaya! Kada ku yi dariya, domin zanen nan shi ne shaidar gado da ƙasa da muƙami. Idan a duniyarka ba wanda zai iya asarar dukiya saboda tambari, to ƙungiyarka ado ce kawai.

Ita kanta ƙungiyar masu tambari ta Ingila sai a 1484 Richard na Uku ya ba ta takardar kafuwa da gida a Landan. Shekara ɗaya bayan haka aka kashe shi a yaƙi, Henry na Bakwai ya hau, ya ƙwace gidan ya ba mahaifiyarsa. Sai a 1555 Sarauniya Mary ta sake ba su wani. Shi ma gobarar Landan ta 1666 ta cinye shi, amma an tsira da littattafan. Ga juyin mulki, ga zaman shekara saba'in babu matsuguni, ga gobara. Mai ƙage ba ya buƙatar dodo kafin ya girgiza ƙungiyarsa.

Sai maganar kuɗi, wadda marubuta ke tsallakewa kamar abin kunya. Daga 1530 zuwa 1688 masu shela suna zagaya lardunan Ingila da izinin sarki, suna bincikar asalin duk mai tambari. Wanda ya kasa kawo hujja a goge masa shi, a kuma shelanta a kasuwa cewa ba ɗan babban gida ba ne. Mutumin da ke da ikon tozarta ka a bainar jama'a, kuma da kuɗin da kake biya yake rayuwa, me kuke tsammani? Zargi ya yi yawa. A 1596 aka ba mahaifin Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo, tambari, a 1602 wani mai shela, Ralph Brooke, ya kai ƙarar shugabansa William Dethick cewa yana raba tambari ga waɗanda ba su cancanta ba, har ya sa sunan Shakespeare a jerin. Rikicin cikin gida ke nan, tsakanin masu tsaron tsohon jini da masu karɓar sabon arziki.

Dokokin zane ba zan daɗe a kansu ba. Shahararriyar ita ce ba a ɗora launi a kan launi, ko zinariya a kan azurfa (su biyun ƙarfe ake ɗaukarsu, ba launi ba), don a iya ganewa daga nesa. Amma tambarin masarautar Ƙudus ta zamanin yaƙin 'yan gicciye zinariya ce a kan azurfa. Ka kafa dokarka, sannan ka bar gida ɗaya da ya karya ta, ka kuma san dalili.

Wani zai ce, to idan duniyar tana da sihiri fa? Sai tambayoyin su ƙara kaifi. Idan tambari yana ƙin zama a garkuwar wanda ba jinin gidan ba, kenan ƙungiyar ta san asirin kowane gado, kuma sarki zai so ya toshe mata baki ko ya saye ta. Idan kuwa mai sihiri zai iya sauya rubutun da ke cikin kundi, to wa ke gadin kundin da dare, nawa ake biyan sa?

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Ƙungiyar Ingila dai tana nan har yau da jami'ai 13, kotun barade kuma ta yi zamanta na ƙarshe a 1954, lokacin da hukumar birnin Manchester ta kai ƙarar wani gidan wasa saboda amfani da tambarinta ba izini, ta kuma yi nasara. Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa makirufo.