Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan Littafi a Baje Kolin Alƙahira

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani Alhaji mai shagon littattafai a Kasuwar Kurmi, Kano. Yana cewa abokan sana'arsa da ke zuwa baje kolin littattafai na Alƙahira sukan ware yini guda su shiga tsohon gari kallon masallatai da tsofaffin shaguna, shi kuwa a ganinsa ɓata lokaci ne ga wanda ya je sari. Ya ce mu raba musu gardama.

To Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, amma yau dai ba ma bayanka. Shi kansa baje kolin tarihi ne ya haife shi. An fara shi a 1969 cikin bukukuwan cikar Alƙahira shekara 1000, tun da Fatimawa suka kafa ta a 969. Ana yin sa ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, kuma tun 2019 aka mayar da shi wani makeken zaure a sabuwar Alƙahira, can bayan gari. Wurin akwai tsari, rumfunan mawallafa reras, ga ragi ga mai sayen kwali-kwali. Sai dai in ka tsaya nan kaɗai, kaya ka gani, ba ka ga inda suka fito ba.

Alhaji, leƙa kantarka. Askari da ɗalibai ke nema kullum, wato littafin fiƙihu Muhtasar, Shehu Halil ɗan Ishaƙ ne ya rubuta shi, mutumin Alƙahira. Iziyya da Ishmawi, su ma malaman Masar ne suka wallafa su. Tafsirin Jalalaini kuwa rabinsa aikin Imamu Suyuɗi ne, wanda ya rasu a birnin a 1505, kuma shi ɗin nan ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Da yawa daga abin da ke ciyar da shagonka daga waɗancan lungunan ya taso.

In ka zaga bayan masallacin Azhar za ka faɗa wasu 'yan siraran layuka, shago na jingine da shago, littattafai jibge har rufi, yaro na ratsa mutane da tiren shayi. Nan za ka zauna da dattijon da ya gaji sana'ar, ya buɗe maka bugu biyu na littafi ɗaya, ya ɗora yatsa kan layin da aka tsallake a mai arahar. Da yawa daga tsofaffin littattafan nan masu jar takarda da ke gidajen malamanmu, waɗanda ake kira bugun Misra, daga maɗaba'ar Halabi ta wannan birni suka zo. Ranar da malami ya tsaya a shagonka ya ce wane bugu ya fi inganci, wannan zaman ne zai ba ka amsa. A cikin Azhar ɗin ma akwai sashen da aka daɗe ana kira da sunan ɗaliban Barno, ka ga ba yau namu suka fara taka hanyar ba.

Abu ɗaya muka yarda da kai: a fara gama ciniki da maganar jigilar kaya kafin a fita zagaye, don kwanakin ƙarshe cunkoso ba ya barin mutum ya yi lissafi a natse.

Sai wata malamar makaranta daga Damagaram, tana tambaya ko ana samun tsofaffin littattafai da aka taɓa amfani da su a can. Ana samu, Malama. Ki nemi 'yan Azbakiyya, masu sayar da tsofaffin littattafai kusa da dandalin Ataba. Sunan ya samo asali ne daga wani lambu da magabatansu ke jera littattafai a jikin katangarsa. Sukan kafa rumfuna a baje kolin, ko da yake a 2019 da yawansu sun koka da tsadar haya har suka shirya nasu a mazauninsu. Ki je da haƙurin tono, kuma kada ki biya farashin farko.

Bari mu saurari 'yar sanarwa, in mun dawo akwai tambaya kan kuɗin fiton kaya daga Masar.