Akwatin Yuro Takwas da Na Tsinta a Liyon

Salamu alaikum 'yan uwa, ku matso ku ga abin da Allah ya haɗa ni da shi da safiyar Lahadin nan. Wallahi tun a bas nake rungume da shi kamar jariri. Kasuwar tsofaffin kaya na je, Puces du Canal, can Villeurbanne a gefen birnin Liyon na Faransa, sanyi na yanka kunne. A ƙarƙashin teburin wata tsohuwa, cikin kwali tare da cokula da makullai, na hango wannan baƙin akwati. Ta ce yuro goma, na ce takwas, ta sallama. Jaka biyar ke nan da 'yan canji a kuɗinmu na gida, ko kuɗin abincin rana ɗaya bai kai ba a garin nan.

Kyamara ce. Kwali ne aka lulluɓe da wani abu mai kama da fata, ga ido guda a gaba, ga 'yan tagogi biyu da ake leƙawa daga sama, ɗaya na hoton tsaye, ɗaya na kwance. Lokacin da na ɗauke ta, datti ya rufe fuskar gaba ɗaya, ba suna ba alama. Da na iso gida na sa busasshen ƙyalle ina gogawa a hankali, sai harufa suka fara fitowa: Lumière. Scoutbox. Jama'a, tsigar jikina ta tashi! Gidan Lumière fa, na Auguste da Louis, waɗanda suka nuna wa duniya silima a 1895. A da masana'antarsu tana unguwar Monplaisir, nan cikin garin da nake zaune, kuma tun shekarun 1930 suka fara fitar da irin waɗannan akwatuna don talaka ma ya ɗauki hoton iyalinsa.

Tun kafin sunan ya bayyana na san 'yar ƙasar nan ce. Ku duba nan gefe, harufa biyu, P da I. Da Faransanci ke nan: I na ƙiftawa ɗaya, P kuwa ido ya zauna a buɗe har hasken ya wadata. Da ta Jamus ce, Z da M za ku fi gani. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa nake gane su: siffar mabuɗin naɗe fim, yadda aka kafa hannun riƙo, rubutun da ke cikin murfi. Da yawa ba su da suna ko kaɗan, domin manyan shaguna irin su Photo-Plait da Manufrance a wancan zamanin suna sayar da kayan da wasu suka ƙera, sai mutum ya bi tsofaffin littattafan tallarsu shafi-shafi yana gwada fuska da fuska. Nakan raba dare a kan haka.

Ita ce ta goma sha ɗaya a kan kantata, kuma duka ban kashe yuro ɗari da hamsin ba. Ga Photax, ta baƙar robar nan mai tauri, wadda sai ka murɗo idonta waje kafin ta yi aiki. Ga Ultra Fex, haifaffiyar Liyon. Waccan Coronet ɗin kuwa sunan Ingila gare ta, na Birmingham, amma a Faransa aka haɗa ta bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da shigo da kaya daga waje ya yi wuya.

Kun san abin da ya ja ni cikin wannan harka? Hoton babanmu ne, Allah ya ji ƙansa. Guda ɗaya tak muke da shi na samartakarsa, wanda wani mai hoto ya ɗauke shi a bakin kasuwar Damagaram da akwatin katako mai ƙafa uku. Hula a karkace, ido a zare saboda an ce kada ya motsa. Yana cikin adakar innarmu har yau. Duk sanda na ji ƙamshin tsohon kwalin nan, ɗakinta nake tunawa.

To, ku da za ku shiga kasuwa, ku ji ni da kyau. In kun leƙa jar tagar nan ta baya kuka ga lamba, akwai fim a ciki, kada ku kuskura ku buɗe a rana. Na taɓa yi, hotunan wasu bayin Allah na shekara da shekaru suka ƙone a hannuna, har yau abin yana ci mini rai. Kada ruwa ya taɓa ta kwali, kumbura take yi. Sannan ku tambayi irin fim ɗin. Mai lamba 120, wanda Kodak ya fitar tun 1901, har gobe ana sayar da shi. Mai lamba 620 an daina yin sa a 1995. Fim ɗin ɗaya ne, sandar naɗin ce ta fi siriri, sai kun sake naɗe shi da hannu a cikin duhu. Shi ya sa in na samu tsohuwar sanda a ciki nake murna kamar na tsinci kuɗi. Wani ɗan kasuwa ya taɓa yi mini kirarin "kayan tarihi" ya nemi yuro sittin a kan irin wannan. Ban ko taya ba, an ƙera su da yawa, ba wuyar samu suke ba.

Ku saurara... kun ji ƙarar? Lafiyarta lau. Hoto takwas take ɗauka a fim guda. Gobe in rana ta fito zan kai ta Monplaisir, ƙofar gidan su Lumière, na farko a can zan ɗauka.