Sarƙar da Za Ki Ba Wadda Ta Iya Sarƙa

An rubuto wannan ne daga faifan muryar laccar da wata malamar sana'ar hannu ta yi wa ɗalibanta mata a Kano, saura mako 3 a yi ranar musayar kayan ado da suka shirya. An rage gaishe-gaishen farko.

Iyayena da ke nan gaba, yayyena, da ƙannena na can baya masu latse-latsen waya, sannunku da zuwa. A rage surutu, don abin ɗaukar maganar nan ba shi da ƙarfi.

Kowa ta ji sharaɗin, amma bari in maimaita saboda waɗanda suka makara. Sunayenmu duka suna cikin ƙwaryar nan. In mun tashi kowa za ta sa hannu ta ɗauki takarda guda, sunan da ya fito miki ita za ki yi wa abu. Sarƙa ko abin hannu ko 'yan kunne ko jigida, duk wanda kika zaɓa, in dai da hannunki kika shirya duwatsun. Ba a saye a kawo. Ranar musaya ko sisi ba zai shiga tsakani ba. Ba ni gishiri in ba ki manda, cinikin furfure irin na kakanninmu.

Na ji wasu suna cewa ai wannan mai sauƙi ne, tunda ba sayarwa za a yi ba. Ni kuwa a wajena ya fi sayarwa wuya. Mai saye a kasuwa da ido take saye. Ta ga launi ya yi mata, ta taya, ki sallama, ta tafi, wataƙila ba za ku sake haɗuwa ba. Wadda za ki ba sarƙa ranar musaya kuwa ta iya sarƙa. Kafin ta dubi gaban, sai ta juya bayan. Za ta duba ƙullinki, ta ja maƙullin, ta ga ko kin bar wutsiyar zare tana leƙe. Ba za ta ce miki komai ba, godiya za ta yi har da rungumarki, amma ta gama karanta ki tsaf. Kuma unguwarku ɗaya.

Ni an karanta ni. Farkon fara sana'ata na yi wa wata ƙawata sarƙa mai sili 3, duwatsun gilashi kore da ruwan zinare, ita kuma ta ɗinka mini jakar hannu. Kwana 4 na yi a kanta, ina ji da ita sosai. Ta sa ta tafi kamun wata 'yar'uwarta. Ana tsakiyar liƙi, goyon da ke hannunta ya kai hannu ya finciko. Ba ma da ƙarfi ba. Sai ji aka yi warrr, duwatsu sun watse a kan siminti, yara sun bi suna tsinta, wata tsohuwa ta taka ta kusa zamewa. Washegari ƙawar nan ta aiko mini da abin da aka tsinto a ƙulle cikin leda, ba ta haɗa da ko kalma ɗaya ba. Jakar da ta ɗinka mini kuwa har yau tana nan, zif ɗinta bai taɓa cijewa ba.

Da na zauna na duba, laifi biyu na gani. Na yi ƙulli ɗaya tak a zaren kamun kifi, na kuma yanke shi dab da ƙullin don kada a gani. Zaren nan santsi gare shi, ƙulli ɗaya ba ya zama. Na biyu, dutsen da ke kusa da maƙulli bakin hudarsa kaifi ne da shi, yana ta cin zaren a hankali. Tun daga ranar, duk dutsen da zai zauna a ƙarshen sili sai na shafa bakinsa da yatsa.

To bari mu tsaya kan zare, don nan ne mutuncin aikin yake. Ga su nan a faranti, a miƙa baya kowa ta taɓa.

Wannan fari mai kama da ruwa shi ne na kamun kifi. Arha gare shi, ba ya buƙatar allura, shi ya sa kowa da shi take farawa. Kaurinsa iri-iri ne, ana rubutawa a jikin ƙwaryarsa. Na milimita 0.25 ko 0.30 ya dace da ƙananan duwatsu irin na saƙa, inda zare zai bi ta huda ɗaya sau biyu ko uku. In duwatsun manya ne masu nauyi, ki haura zuwa 0.50. Aibinsa, yana riƙe lanƙwasa, kuma in ya daɗe yana shan rana da zafi sai ya bushe ya karye. Wannan kuma waya ce, siraran ƙarfe ne aka murɗe aka rufe da roba. Ita ba a ƙulla ta. Ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai kama da ƙwayar gero ake zurawa, a bi ta zoben maƙulli a dawo cikinsa, a matse da filaya. Ki sa biyu a kowane gefe, kada ki yi rowa. Ki kuma bar ɗan sarari kamar kaurin farce, don in kika matse duwatsu ƙam, sarƙar za ta sandare a wuya kamar an ɗora kara.

Zaren roba mai miƙewa na abin hannu ne. Kafin ki zura ko dutse ɗaya, ki ja shi sau 5 ko 6 ya gama miƙewarsa a hannunki, in ba haka ba zai je ya miƙe a hannun mai shi, bayan mako biyu ya zama zululu. Ƙullinsa: ki sarƙa sau biyu a zagayen farko, ki ja, ki sake ƙullawa a sama, ki ɗiga gam kaɗan, sannan ki ja ƙullin ya shige cikin dutse mai faɗin huda. Na ce kaɗan. Gam ɗin nan mai kamawa nan take, in ya yi yawa yana busar da zare ya mai da shi kamar tsinke. Ni na fi son man farce marar launi.

Hajiya tana tambaya wanne ya fi. Hajiya, ni dai in sarƙa ce mai nauyi waya nake sa wa, ba na ja da kowa a kan wannan. Amma tsofaffinmu da zaren auduga da suka murza suka shafe da kakin zuma suke shirya murjani, suna ƙulli tsakanin dutse da dutse, ta yadda ko ta tsinke guda ɗaya ne zai faɗi. Wadda take da haƙurin wannan, ta fi mu duka.

Sai awo. In kin ɗauki suna, aikinki na farko ki je ki kalli mai sunan. Sarƙar da ke kama wuya inci 14 zuwa 16 ce, wadda ke sauka kan ƙashin wuya wajen 18. Amma wuya ba ɗaya ba ne. Abin hannu, ki zagaya tef ɗin tela a wuyan hannunta ki ƙara rabin inci, in duwatsun manya ne ki ƙara fiye da haka, don kaurinsu yana cinye tsawo ta ciki. Ki lura da abin da take sawa. Wadda kullum cikin hijabi take, abin hannu ko zobe zai fi yi mata amfani a kan sarƙa. Mai son leshi da siririn mayafi, kada ki sa mata ƙugiya mai baki a buɗe, zai zare mata zare ta riƙa tuna ki da takaici. Mai goyo kun ji labarina. Ki kuma tambaye ta ko ƙarfe yana sa ta ƙaiƙayi, don yawancin maƙullai da ƙugiyar 'yan kunne masu arha akwai sinadarin nikel a ciki, wasu kunnensu har ruwa yake yi. In haka ne, ki yi maƙullin da dutse: babban dutse a gefe ɗaya, zoben ƙananan duwatsu a ɗaya gefen, kamar maɓalli da hudarsa.

Yanzu duwatsun kansu. A musaya dole ki faɗi gaskiyar abin da kika bayar, ba kuwa za ki iya faɗa ba sai kin sani. Gilashi yana da sanyi da nauyi, in kika ƙwanƙwasa a haƙori za ki ji ƙas. Roba ɗumi gare ta, ba nauyi, sau da yawa za ki ga layin da aka haɗa ta a tsakiya. Murjani na gaske daga teku yake fitowa, in aka ɗiga masa ruwan lemon tsami a wurin da ba a gani zai ɗan yi kumfa. In kika ɗora masa allura mai zafi ya narke yana wari, roba ce aka rina. Ba laifi ba ne yin aiki da roba, akwai masu kyau. Laifin shi ne ki miƙa ki ce murjani ne. Duk wanda kuma kika saya, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga. In launi ya fito a ƙyallen, haka zai fito a wuyan farar rigarta ranar da ta yi gumi. Masu rufin ƙyalli irin na lu'ulu'u kuwa, turare ne ajalinsu. Mu da ba ma rabuwa da humra, sai ki gaya mata ta shafa ya bushe tukuna ta ɗaura.

Wadda take son abinta ya fita daban, ta shiga Kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 ake ciniki a cikinta, ta ce a nuna mata na Bida. A unguwar Masaga a Bida, Nufawa suna narka fasassun kwalabe a wuta, su naɗo narkakken gilashin a kan sandar ƙarfe suna juyawa har ya zama dutse ko awarwaro. Saboda irin waɗannan sana'o'i ne hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Bida cikin jerin biranen fasahar hannu a 2021. Ba za ki sami guda biyu da suka yi daidai ba, nan ne ma kyansu yake, sai dai ki zauna ki tsince masu kusan girma ɗaya. Na Gana kuma, na mutanen Kurobo, daka kwalbar ake yi ta zama gari, a zuba a 'yan ramukan yumɓu, a tsaya da tsinken ganyen rogo a tsakiya, a gasa. Tsinken ya ƙone, ya bar huda. Hudar nan faɗi gare ta da kaushi, tana cin siririn zare, don haka igiyar fata ko kakkauran zare za ki sa, ki kuma raba su da ƙananan duwatsu. Guda 3 ko 5 a tsakiyar sarƙa sun isa. In kika cika su, wuya zai gaji.

Mu daina ɗaukar abin nan kamar baƙo ne da ya zo da wayar salula. A Igbo-Ukwu da ke jihar Anambra an tono duwatsun ado sama da 100,000 da suka haura shekara 1,000 a ƙasa. A Durɓi Ta Kusheyi ta ƙasar Katsina ma an sami duwatsu da wuri a tsofaffin kaburburan manya. Lantana, jan dutsen nan da Ilori ta yi suna wajen hudawa da gogewa, fataken Hausawa ne suke kai musu ɗanyensa. Kakata tsakiya 2 ta bari, suna nan a adakata, ban taɓa samun zuciyar sa su cikin abin sayarwa ba.

Akwai rigimar da nake hangowa, gara in tare ta tun yanzu. Wata za ta kawo sarƙar manyan duwatsu masu tsada da ta zura cikin minti 40. Wata za ta kawo ɗan siririn abin hannu na ƙananan duwatsu, wanda kuɗin kayansa bai taka kara ya karya ba, amma ta yi dare 5 tana saƙawa da fitilar waya, don a inci ɗaya na sili guda akwai ƙwaya goma sha wani abu. In aka ajiye su a tire, ido zai tafi kan mai tsada. Ni da na san ciwon baya da yajin ido, na biyun zan ɗauka. Shi ya sa muka yanke iyakar kuɗin kayan da kowa za ta kashe, yana rubuce a allo, kada a haura. Wadda Allah ya hore wa, ta ƙara da lokacinta. Wannan ba gudummawar biki ba ce da za a rubuta a littafi a jira a ninka.

Na'am, ƙanwata? Ɗaga murya. Jigida? Ana iya yi, amma ki tambayi mai sunan a keɓe, kada ki auna mata ƙugu a gaban jama'a. Ki ba ta zare ta je ta zagaya da kanta ta ƙulla alama ta kawo miki. Ranar musayar ma a naɗe za ki ba ta, ba a baje ta a tire. Ki bar rarar zare kamar inci 4 a kowane gefe, ta ɗaure daidai yadda take so.

Abu na ƙarshe, ku kawo ragowar duwatsu 5 ko 6 a 'yar leda ku haɗa da kyautar, saboda ranar gyara. Masu yara kuma a yi aiki a kan tire da tawul a shimfiɗe, a kwashe tas in an tashi, dutse ɗaya ya isa ya shige hancin yaro. To, a miƙo ƙwaryar. Hajiya ce babba, ita za ta fara. Wadda ta ɗauko sunan kanta ta mayar ta sake.